Inda Dogo Ya Ƙare

Da aka ce taron a Ƙauran Namoda ne
sai na yi dariya ni kaɗai a shago:
garin da dogo ya zo ya tsaya cak,
daga nan za mu tashi zuwa taurari?

Na kulle shagon magani, na zuba littafina
kwafi talatin a buhun shinkafa.
Direba ya ɗaure shi a baya tare da awaki biyu.
Kumbona na farko ke nan,
har yau shafukan suna warin bunsuru.

A bakin zaure wata yarinya ta tare ni,
kwali a kai, kwali a ƙirji,
tocila biyu a madadin idanu.
Ta ce, "Sannu da zuwa, ɗan'adam. Ɗari biyar."
Na miƙa dubu. Butum-butumi ba ta da canji.

Mu arba'in ne, in an ƙirga da mai tsire.
Lubabatu ta Moriki ta shuka gero a bayan wata,
ta lissafa ruwan da kowace zangarniya za ta sha,
har ladan mai korar tsuntsaye, ko da yake babu tsuntsaye.
Malamai biyu suka kusa kai wa hannu a kan alƙibla:
in kana tsaye bisa Zara matar wata, ina gabas?
Wani ɗalibi ya ƙera na'ura mai komawa jiya.
Aka ce, me za ka fara ɗaukowa?
Ya ce, "Kakata."
Ya zauna. Ba wanda ya ƙara tambaya.

Ana kiran sunana janareta ya yi tari uku ya mutu.
Sai wayoyi suka kunnu ɗaya bayan ɗaya,
kaza da 'ya'yanta sun sauko cikin zaure
don su haska mini takarda.
Na karanta shekara ɗari biyu nan gaba:
gidaje masu shawagi, kasuwa a cikin gajimare,
likitan ƙarfe da ba ya tambayar kuɗin kati.
Muryata ta yi rawa, sannan ta tsaya da ƙafarta.
Aka tafa. Na ji kaina ya taɓa rufi.

Can baya wani tsoho ya miƙe,
hular ma'aikatan jirgi a kansa, ta koɗe kamar toka.
"Sunana Nomau. Shekara ishirin da shida
ni ka ɗaga ma jirgi tuta a tashar ga.
Ɗan nan, cikin wanga zamani naka,
jirgin ya dawo?"

Na juya shafi. Na sake juyawa.
Na kai mutane har bayan rana
amma ban kai su Gusau ba.
Na ce, "Baba, na manta."
Ya ce, "Kowa ma ya manta.
Na zaci ku da aka yarje ma ƙarya kun tuna."

Aka rufe taro kafin la'asar,
hanyarmu ba ta son duhu.
Bakwai na sayar, uku na bayar,
ɗaya mai tsire ya karɓa a bakin tsinke huɗu.

Kafin mota ta cika na zaga tasha.
Ƙarafa biyu kwance cikin ciyawa,
sun miƙe sun miƙe har ido ya gaji.
Yarinyar nan na zaune a kai, ta cire kan kwali,
tana cin gyaɗa, gumi na zuba.
Ta ce, "Ɗan'adam, ga canjinka."

A mota, gwiwata a haƙarƙarin wani,
na samu bayan rasit na rubuta:
Da asuba jirgin ya yi kuka,
Nomau ya ɗaga tuta.

Ban san inda za shi ba tukuna.
Na dai san a nan zai fara tsayawa.